Ranar da Agarar Tamta Ta Tsinke

Godelieve De Keyser ba ta yi wa kowa tafi. Duk mai zuwa kallon rawa a birnin Antwerp ya san haka. In an gama wasa, jama'a sun miƙe suna tafi har hannu ya yi ja, ita tana nan zaune a kujerarta ta ƙarshen layi, sanda a tsakanin gwiwoyi, tana mayar wa biro murfinsa. Cewa take yi tafi aikin 'yan kallo ne, ita nata ra'ayin sai a jira shi a jarida.

'Yar lebura ce. Mahaifinta ya ƙare rayuwarsa yana sauke buhuna a tashar jiragen ruwa, kuma daga wurinsa ta gaji babbar murya da saurin fushi. Tun tana ƙarama wata malamar makaranta ta ga yadda take tsallake kududdufi a hanya, ta kama hannunta ta kai ta wurin koyon rawa. Ta koya, ta iya, har aka ɗauke ta a wata ƙungiya mai yawo ƙasa-ƙasa. Tana da shekara ashirin da huɗu, a wani gari na Jamus, ta yi tsalle ta dira a kan katakon da ba a ɗaure shi da kyau ba. Gwiwarta ta dama ta juya. Daga ranar ba ta ƙara hawa dandamali da sunan rawa ba.

Ta dawo gida ta kama sayar da tikiti a ƙofar gidan wasa. A lokacin, mai yi wa jaridar Havenklok sharhin rawa wani dattijo ne da aikinsa na ainihi sharhin kiɗa ne, kuma in ya zauna kafin a yi nisa ya fara gyangyaɗi. Wata rana ya yi barci tun daga farkon wasa har ƙarshe, washegari ya zuba wa wata 'yar rawa yabo, alhali ita ko fitowa ba ta yi ba, zazzaɓi ya kwantar da ita. Godelieve ta naɗe jaridar, ta ɗingisa har ofishinsu, ta wuce mai gadi, ta dire ta a teburin babban edita, ta faɗa masa duk abin da ke bakinta, benen gaba ɗaya ana ji. Mutumin ya bari ta gama, ya cire taba daga baki ya ce, "To, Madam, tunda kin fi shi ido, ga takarda. Rubuta mu gani."

Ta fi shekara talatin tana rubutawa. 'Yan rawa suna tsoronta, amma suna yanke sharhinta su adana, don in ta ce ƙafarka ta hagu malalaciya ce, to da gaske malalaciyar ce. Masu tsara rawa kuwa, wasu sun daina gaishe ta, wasu ita ta fito da su duniya ta san su. Cikin waɗanda ta fito da su babu kamar Raf Verstraelen. A wani tsohon sito na bakin kogi ta fara ganin aikinsa, shi da 'yan rawa biyar, sanyi na shigowa ta fasasshen taga, 'yan kallo ba su cika benci biyu ba. Ta koma ofis ta yi ta faɗa har aka ba ta shafi guda sukutum. Bayan wannan shafin ne gwamnati ta fara ba shi tallafi. Yanzu ƙungiyarsa tana da gininta, ana gayyatarsa ƙasashen nesa, kuma ya koyi naɗa baƙin ƙyalle a wuya ko da ana zafi.

Sabon wasansa, wanda ya sa wa suna Ambaliya, da shi aka buɗe bikin rawa na shekarar, wata Lahadi da rana. Da labule ya ɗaga sai zauren gaba ɗaya ya ja numfashi. An shimfiɗe dandamalin da farantan ƙarfe, an karkata shi kamar rufin gida, ruwa na gangarowa a kai ba tsayawa. Godelieve ta dubi ƙarfen, ta dubi ƙafafun 'yan rawan, ko takalmi babu, ta ji tsohuwar gwiwarta ta soke ta.

Tauraruwar wasan ita ce Tamta Lomidze, 'yar ƙasar Jojiya, siririya mai dogon wuya, wadda duk ƙungiyar babu mai tsallenta. An ɗan wuce rabin wasa, Tamta ta taho da gudu daga can sama, ta tashi, ta dira da ƙafar hagu, ƙafar ta zame. Kiɗa na tashi, amma daga inda Godelieve take ta ji ƙarar: tas, kamar an tsinke tsirkiya. Tamta ta waiga da sauri tana neman wanda ya haure ta a dunduniya. Babu kowa a bayanta. Duk wanda ya taɓa rawa ya san wannan waigen. Agara ce ta tsinke.

Kujerar ƙarshen layi tana da amfani guda, daga nan ana hango gefen dandamali inda sauran 'yan kallo ba sa gani. Raf na tsaye a wurin. Tamta ta dube shi. Ya ɗaga hannu, ya juya ɗan yatsa a iska, wato ta ci gaba.

Ta kuwa ci gaba. Da gwiwa, da tafin hannu, tana jan ƙafar a bayanta cikin ruwa, ta miƙe ta faɗi, ta sake miƙewa ta sake faɗi. Matar da ke kusa da Godelieve ta ciro hankici tana share hawaye, tana raɗa wa mijinta, "Dubi yadda take nuna wahala, sai ka ce gaske." Godelieve ta damƙe sandarta. Ta yunƙura za ta tashi ta yi ihu a tsayar da kiɗan, sai ta koma ta zauna, don aikin ya daɗe da koya mata cewa mai sharhi ba ya motsi a zaure. Da aka gama, wani ɗan rawa ya ɗauko Tamta a hannu ya fito da ita gaisuwa. Jama'a suka ɗauka wannan ma cikin tsarin ne, suka ƙara ƙarfin tafi. Raf ya fito, ya dafa ƙirji, ya sunkuya.

Washegari tun da safe ta zauna a teburin kicin. Mijinta Wilfried, wanda ya yi ritaya daga tuƙin taragon cikin gari, ya ajiye mata gahawa da biredi da cuku, ya tsaya yana kallon yadda take dukan kwamfuta.

"Lieve," ya ce, don haka yake kiranta a gida, "bi ta a hankali mana. Ba ita ta yi miki laifi ba."

"Matsa min, tsoho."

"Yau kuma wa za a binne?"

"Wanda ni na goya shi."

Wilfried ya ɗauki hularsa ya hau rufi wurin tattabarunsa.

Ta rubuta duk abin da ta gani, ƙarfen, da ƙarar, da waigen, da yatsan. Ta fara da cewa, "Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, domin a gaban idona aka umarci mace ta yi rawa a kan tsinkakkiyar agara, jama'a kuma suka miƙe suna tafi." Tun ranar da jaridar ta kawo tsarin ba wasa taurari, daga ɗaya zuwa biyar kamar otal, take jin haushinsa. Wannan karon a gurbin taurarin ta rubuta kalma ɗaya: babu.

Ranar Talata jarida ta iso. Ta buɗe a tsaye, ba ta ko sa tabarau ba ta hango su, taurari huɗu reras. Kanun kuwa da manyan baƙaƙe: "Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba." An datse jimlar daidai kan "domin". Abin da ya rage ɗan bayani ne kan ruwa da kiɗa da haske, sai sunanta a ƙasa. Kafin ta kai ofis, ta tagar tarago, ta ga har allon talla na tasha ya fara haska kalmomin, da sunanta, a ƙarƙashin hoton Raf.

Editan shafukan al'adu Joris Pauwels ne, matashin da a haife ta haife shi, wanda aka ɗauko daga sashen talla. A keke yake zuwa aiki, kuma hular kwanonsa ba ta rabuwa da hannunsa.

"Lieve! Sannu da zuwa. A kawo gahawa?"

"Madam De Keyser. Lieve na mijina ne. Wa ya taɓa min rubutu?"

"Zauna mana tukuna."

"Ban zo zama ba. Wa ya jera taurari huɗu a kan sunana?"

Joris ya tashi ya rufe ƙofar gilas, kamar hakan zai hana a ji. "Ni ne, da sanin na sama. Lauyanmu ya karanta ya ce ba za a buga ba. Ƙungiyar ta fitar da sanarwa, sun ce ɗan targaɗe ne. Ke kuma kin ce mutum ya yi alama da yatsa. Wa ya gani ban da ke?"

"Ai aikin da kuka ɗauke ni ke nan, yaro. In gani."

"Gani ba hujja ba ne a kotu."

"To ka cire shi gaba ɗaya mana! Ka bar wurin fili, ko ka sa hoton kyanwa, tunda su kuka fi so yanzu. Amma ka datse min jimla a tsakiya, ka mayar da zagi yabo? Ko ɓarayin tasha ba sa haka. Su in sun ɗauke buhu ba sa barin takarda su ce kai ka ba su kyauta."

Joris ya shafa ɗan gemunsa. "Kin san sunanmu na kan kowace fosta ta bikin nan. Tare muke yinsa. Kuma in faɗa miki gaskiya, Madam De Keyser, mutane a waya suke karatu yanzu. Taurari suke dubawa su wuce. Sharhinki na watan jiya na duba, waɗanda suka kai ƙarshensa ba su cika ɗakin nan ba."

"Waɗanda suka kai ƙarshen su ne masu rawar."

"Su kuma ba sa ba mu talla."

Ta tsaya tana kallonsa har ya kawar da kai. Sannan ta ce, "Ranar Asabar ni zan yi hira da Raf a gaban jama'a. Ku kuka sa ni tun bazara. Ko ka manta?"

"Ban manta ba. Ki tambaye shi kan ruwan, kan kiɗan, kan inda tunanin ya samo asali. Don Allah kada ki ja mana magana."

Daga nan asibiti ta nufa. Wani ɗan ƙungiyar ne ya gaya mata a waya inda aka kwantar da Tamta, ya kuma roƙe ta kada ta ce daga bakinsa ta ji. Ta sayi inabi a hanya. Ta tarar an riga an yi aikin, an sa wa ƙafar siminti har gwiwa, an ɗora ta a kan matashi. A gefen gado ga wani ƙaton kwandon furanni da katin Raf a soke.

"Madam De Keyser," in ji Tamta, ba alamar murmushi. "Na ga taurarinki."

"Ba nawa ba ne. Agara ce ko?"

"Gaba ɗaya. Likita ya ce ci gaban da na yi ne ya ƙara yaga ta."

"Raf ne ya ce ki ci gaba. Na gan shi."

"Ni ce na ci gaba."

"Ya juya miki yatsa, 'yata."

"Ni ba 'yarki ba ce." Tamta ta gyara zama, fuskarta ta yamutse don zafi. "Ki saurare ni da kyau. Takardar zamana a ƙasar nan a jikin aikin nan take. In babu kwantiragi, babu takarda. Jiya ya zo nan, ya zauna a wannan kujerar, ya ce zai riƙe ni har in warke, muddin ba a yi surutu ba. Ina da uwa a garinmu Tbilisi da ke ci daga hannuna. Ke kina da gida, kina da miji, kina da fansho na jiranki. In kin faɗa, ke za ki ji sanyi a ranki, ni kuma in hau jirgi da sanduna."

"Gobe wata za su ɗora a kan ƙarfen nan."

"Sun riga sun ɗora. Ba ruwana. Ni tawa ƙafar nake ji."

"Ni ma haka aka yi min. Aka ce in yi shiru, na yi. Ga ni nan da sanda."

"To ki je ki yi faɗa a kan taki gwiwar. Tawa ƙafar ba taki ba ce. Ɗauki inabinki."

Godelieve ta fito ranta a ɓace, ba ta ma san da wa take fushi ba. Ta daɗe zaune a benci a bakin kogin Schelde, jiragen kaya na wucewa, tana cin inabin ɗaya bayan ɗaya tana tofar da 'ya'yan. A gida ta ba Wilfried labari yana yanka albasa.

"Yarinyar ta roƙe ki, Lieve."

"Ba roƙo ta yi ba. Kora ta ta yi."

"Ai a wurin mai ciwo duk ɗaya ne."

"To in yi shiru ke nan?"

"Ni ban ce ba. Na dai ce ta roƙe ki."

Ranar Alhamis ta koma kallon wasan, ba wanda ya aike ta. A gurbin Tamta an sa wata yarinya da ba ta daɗe da gama makarantar rawa ba. Da aka zo wurin tsallen, yarinyar ta taho daga sama idanunta a waje don tsoro, ta dira, ta zame, ta dafe da hannu da ƙyar. Kafin a gama ta sake zamewa. Godelieve ta hangi Raf a gefe, yana girgiza kai, ba don ƙarfen ba, don yarinyar ta rage gudu. A nan ta yanke shawara.

Ranar Asabar da rana aka jera kujeru biyu a bakin dandamali, ƙarfen na bayansu. Ba a tsayar da ruwan ba, don Raf ya ce ya fi kyau a hoto. Zaure ya cika, Joris na layin gaba. Raf ya sumbaci kumatunta irin na gaisuwa, ya karɓi makirfo ya ce, "Jama'a, wannan matar da kuke gani ita ce uwata a sana'ar nan."

"To, tunda ni uwa ce, sai ka ba ni amsa kamar ɗan kirki," in ji Godelieve. "Ranar Lahadi, da ƙafar 'yar rawarka ta tsinke, me ka nuna mata da hannu?"

Raf ya gyara zama.

"Targaɗe ne, Godelieve. 'Yan rawa kullum cikinsa suke."

"Agara ce. An ɗinke ta ranar Litinin. Me ka nuna mata da hannu?"

"Ƙwararriya ce. Ita ta zaɓi ta kai wasan ƙarshe, ni kuma ina jinjina mata." Wasu suka tafa.

"Ban tambaye ka jinjina ba. Nuna wa mutanen nan abin da ka yi da yatsanka. Ko ni in nuna musu?" Ta ɗaga hannu sama, ta juya ɗan yatsa a hankali, kowa na gani.

Raf ya yi murmushi, ya juya wajen 'yan kallo, ya sassauta murya. "Kun san ina ƙaunar matar nan. Amma akwai abin da duk garin nan ya sani, ba mai faɗa ne kawai. Godelieve ba da ido take kallon rawa ba, da gwiwarta take kallo. Duk wanda ya iya tsalle, haushinsa take ji."

Dariya ta tashi. Ba kowa ya yi ba, amma masu yin suna da yawa. Godelieve ta dogara sanda ta miƙe, ta nuna ƙarfen da ita.

"Cire takalminka."

"Me kika ce?"

"Cire takalmi da safa. Ga shi nan a bayanka, ruwan ma bai tsaya ba. Ban ce ka yi tsalle ba. Hau can sama ka gangaro da gudu, yadda kake sa 'ya'yan mutane suna yi kullum. In ka iso nan a tsaye, ni da hannuna zan ƙara maka tauraro na biyar."

"Haba, Godelieve, ni da na haura hamsin..."

"Ita kuma ba za ta ga talatin a kan dandamali ba!"

Wani ya kashe mata makirfo. Ta ajiye shi a kujera, ta juya kan 'yan kallo, ta buɗe muryar da ta gada, har na can saman bene suka ji ba sai sun kasa kunne ba.

"Ku kuma! Kun zauna kun ga mace na jan ƙafa a gabanku, kuna cewa sai ka ce gaske. Gaske ne! Dukanmu muna nan, ba wanda ya tashi ya ce a tsaya. Taurarin da kuka gani a jarida kuma ba nawa ba ne. Ga wanda ya jera su nan a layin gaba, da hular kekensa a cinya. Ku tambaye shi ina ragowar jimlata!"

Zaure ya kaure. Wasu na ihu ta sauka, wani mutum daga baya na cewa a bar ta ta gama, wasu mata suka kwashi jakunkunansu suka fice. Joris ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Da Godelieve ta waiga, kujerar Raf ba kowa. Ya riga ya sulale ta gefe, takalminsa a ƙafa.

Ba a kore ta ba, a Havenklok ba a kora. Bikin ritaya aka yi mata, da kek da furanni da giya mai kumfa. Babban edita ya yi jawabi, ya kira ta idon rawa na ƙasar nan, ya kuma faɗi sunan Raf cikin waɗanda ta gano, ba ko kunya. Ta saurara har ya gama, ta miƙa wa mai shara furannin, ta kwashi 'yan kayanta a jakar cefane ta fita. Daga ranar aka rufe filin sharhin rawa. Duk wanda ya sami tikitin kyauta a ofis shi ke zuwa, ya dawo da taurari.

Wasan Ambaliya kuwa ya cika kwanakinsa, kullum zaure maƙil, don rigimar ƙara masa kasuwa ta yi. A mako na biyu aka shafa wa ƙarfen wani abu mai hana santsi, ba a ce wa kowa komai ba. Da kwantiragin Tamta ya ƙare a ƙarshen shekara ba a sabunta ba. Ta kira Godelieve daga filin jirgi.

"Kin ji sanyi a ranki?"

"A'a."

"Na gaya miki."

"Kin gaya min."

"Ban yafe miki ba. Shi ma ban yafe masa ba, amma shi bai taɓa cewa don ni yake yi ba."

Ta kashe wayar. Godelieve ta tsaya a tsakiyar kicin, sannan ta ɗauki kofin da ke gabanta ta maka shi da bango. Wilfried ya ɗauko tsintsiya ya share. Daga baya suka ji Tamta na koyar da yara rawa a Tbilisi, ba ta sake hawa dandamali ba.

Da bazara ta zagayo, 'yan rawa da dama da suka bar ƙungiyar suka haɗa kai suka je gidan rediyo, kowa ya faɗi nasa: wanda aka sa ya yi wasa da karyayyen haƙarƙari, da wadda aka yi ta auna ta a sikeli a gaban kowa har ta daina cin abinci. Gwamnati ta dakatar da tallafi. Havenklok ta ba labarin shafin farko, ta kira shi bincike na musamman, da sunan Joris a sama. Rannan da hantsi sai ga wayarsa.

"Madam De Keyser, jimla biyu kawai muke so daga bakinki, a matsayinki na wadda ta fara hango abin."

"Kana da shafi guda nawa a kwamfutarka tun bara. Buga shi yadda yake, da ranar da na rubuta shi, da sunan wanda ya datse shi."

"Ai ya yi tsawo. Kuma labarin ya wuce nan yanzu."

"To ga jimla biyu, rubuta. Na gani na rubuta. Joris Pauwels ya goge. Sun cika biyu, ko in ƙara?"

Ba a buga ba.

Raf ma bai faɗi da nisa ba. Ba a daɗe ba wani gidan wasa a arewacin Faransa ya ɗauke shi, suka ce kowa na da damar gyara kuskure. A lokacin Godelieve ta koma rubuta wa wata 'yar mujalla da ƙungiyar 'yan rawa ke fitarwa wata-wata. Da ta ji ranar buɗe sabon wasansa, ta ce wa Wilfried ya ciro rigarsa ta fita, za su hau jirgin ƙasa. Tun a hanya take haɗa jimlolin da za ta yanka shi da su, tana faɗa wa Wilfried, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Labule ya ɗaga a kan katako tsurarsa, busasshe. Babu ruwa, babu ƙarfe, da farko ko kiɗa babu. 'Yan rawan duk manya ne, wasu da furfura, irin waɗanda ƙungiyoyi suka daɗe da sallama. Tafiya kawai suke yi, suna haɗuwa suna rabuwa, ana jin numfashinsu da sawunsu. Can wata mata mai tumbi ta jingina bayanta da na wani tsoho, suka fara juyawa a hankali, kowa na ɗauke da nauyin ɗan'uwansa, in ɗaya ya sassauta duk su zube. Sun daɗe a haka, zauren ko tari ba mai yi. Da goge ya shigo daga ƙarshe, Godelieve ta ji tsigar jikinta ta tashi. Sai da fitilu suka dawo ta lura ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba.

A jirgin komawa, rana na shirin faɗuwa a kan gonakin dankali, Wilfried ya buɗe ƙunshin soyayyen dankalin da ya saya a tasha, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"To, yaya?"

"Kada ka yi min magana."

"Har haka ya lalace?"

"Ya yi kyau." Ta faɗa kamar tana tofar da maɗaci. "Tsinanne. Tun da yake bai taɓa yin wanda ya kai wannan ba."

"To sai ki ce bai yi ba mana. Wa zai tuhume ki? Ba wanda bai san abin da ya yi miki ba."

Ta harare shi har ya mayar da dankalin da ya ɗauka. "Ni ka mayar maƙaryaciya da tsufana?"

Ta ciro takarda, ta ɗora a kan ɗan teburin jirgin, ta fara rubutu tana danna biro har bakinsa na huda takardar. Ta rubuta cewa wannan ne wasa mafi kyau da ta gani a shekarar. Ta tsaya, ta ja layi a kan "mafi kyau", ta dubi taga tana neman wata kalma da ba ta kai wannan girma ba. Jirgi ya tsaya a tasha, mutane suka sauka, wasu suka hau, ya sake tashi, ba ta samu ba. Ta ja tsaki mai ƙarfi har matar da ke gefe ta waigo, sannan ta sake rubuta kalmomin a saman waɗanda ta soke.

"Ba ni dankalin nan," ta ce, "kafin ka cinye."